Littafin Hotuna Ga Yaron Da Ke Jinya A Gida: Na Larabci, Na Hausa, Ko Wanda Aka Haɗa Da Hannu?

Da an koma makaranta, ko alhazai sun fara watsewa, sai gidajenmu na Makka da Jidda da Madina su cika da tari da mura. Yaro ya kwaso a rauda, wato makarantar ƙananan yara, ya raba wa ƙannensa, a yi ta fama. Magani dai an san hanyarsa: a je mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, likita ya rubuta, a biya ta saidaliyya, shagon magani, a karɓo. Abin da ba mu cika tanada ba shi ne yadda za a yi da sa'o'in da ke tsakanin maganin safe da na yamma, lokacin da ɗan shekara 3 ko 5 yake kwance, an hana shi fita, an raba shi da abokan wasa, kuma ba wanda ya zauna ya gaya masa abin da ke faruwa da jikinsa. Yawancinmu waya muke miƙa masa. Ni kuwa a ganina, ƙaramin littafi mai hotuna, wanda ke ba da labarin wani yaro da shi ma ya kwanta jinya a gida, ya fi ta amfani nesa ba kusa ba. Sai dai littattafan kala-kala ne, kuma wanda ya dace da gidan Balaraben Riyad ko na Bahaushen Kano ba lallai ya dace da gidan Bahaushen Hijaz ba.

Labari ko darasi

Kafin a zo kan harshe, akwai zaɓin da ya fi shi nauyi. Idan kika tsaya gaban kantar littattafan yara, za ki tarar da iri biyu masu kama da juna a bango, amma aikinsu ya sha bamban.

Na farko littafin darasi ne. Yaro ya ƙi wanke hannu, ya ci alawa, wasu ƙwayoyin cuta masu haƙora da jajayen idanu suka shige cikinsa, ya kwanta, ya yi nadama, ya warke, ya zama sarkin tsafta. Irin wannan ya fi yawa a kasuwa domin mu iyaye muna son sa, kuma yana da ranarsa: yaro lafiyayye da ake koya wa wanke hannu da sabulu na kamar daƙiƙa 20, ko rufe baki da gwiwar hannu in zai yi atishawa, zai ƙaru da shi. Rigakafi ya fi magani, ba musu. Amma ga wanda ya riga ya kwanta, wannan littafin ɗora masa laifi yake yi. Masu kula da lafiyar yara sun daɗe da lura cewa ƙananan yara, kafin su kai shekarun firamare sosai, sukan ɗauki ciwo a matsayin horo kan wani laifi da suka yi. Yaron da ya yi wa ƙanwarsa ƙwace jiya, yau ya tashi da zazzaɓi, zai iya haɗa biyun a ransa ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Mu kuma mukan ƙara masa da bakinmu: "Ka gani ko? Ban hana ka shan ruwan sanyi ba?" Wani lokaci har da barazanar allura. To a zo a buɗe masa littafin da ke maimaita wannan zargi da manyan hotuna, me aka yi ke nan?

Na biyu littafin labari ne zalla. Yarinya ta farka jikinta da zafi, ba za ta je rauda ba, ta yi kuka. Umma ta auna zafin, ta ba ta magani mai ɗaci, ta ɓata fuska ta sha. Ta gaji da kwanciya, ta leƙa taga. Kaka ta zo da kunu. Ta yi barci mai yawa. Wata safiya ta ce tana jin yunwa. Shi ke nan. Babba zai ce ai ba komai a ciki, amma abin da yaro yake nema yana nan: ciwo yana da farko, yana da tsakiya, yana da ƙarshe. Ɗan shekara 4 bai gama bambance gobe da jibi ba, kwana biyu a gado kamar ba za su ƙare ba a wurinsa. Da littafin a hannu, za ki iya nuna masa shafi ki ce, "Yau muna nan, wajen shan magani. Ga inda za mu je in Allah ya yarda." Zai buɗe shafin ƙarshe da kansa ya duba, ya sake dubawa.

Ga gwajin da nake yi wa kowane littafi irin wannan: shin an bar yaron cikin labarin ya yi fushi, ya ƙi abinci, ya yi kuka? Idan tun shafin farko murmushi yake yi wa cokalin magani, mara lafiyarki zai gane ba gaskiya ake gaya masa ba, ya ture littafin.

Na Larabci

Shi ne mafi sauƙin samu, kuma shi ya fi kyan bugu. Shagunan littattafai na Jarir da Obeikan suna da ɓangaren yara, kuma a baje kolin littattafai na Jidda, wanda a 'yan shekarun nan ake yi a watan Disamba, ko na Riyad da na Madina, masu buga littattafan yara daga Labanon da Jodan da Masar da Daular Larabawa sukan zo da kayansu. Kamfanin Kalimat na Sharja, da aka kafa a 2007, littattafan yara ne sana'arsa, a nan Jidda ma akwai Kadi wa Ramadi. Wanda aka rubuta da Larabci tun asali yana da wata fa'ida da ba a raina ta: gidan da ke cikin hoton ya yi kama da inda yaron yake kwance. Ga shiƙƙa, wato sashen gida, a bene, ga mukayyif mai sanyaya ɗaki a bango, ga uwa da mayafi, ga uba da farar riga, ga miyar shurba a kwano. Sannan yayansa da ke aji biyu ko uku na ibtida'i, wato firamare, zai iya karanta masa, in dai an zaɓi mai wasali. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga uwar da ta kwana ba ta runtsa ba.

Matsalarsa biyu. Ta farko, da fusha, wato Larabcin littafi, ake rubuta kusan dukkansu, yaron da bai shiga makaranta ba kuwa Hausar gida ya sani da Larabcin unguwa. Kina karantawa kina juyawa zuwa abin da zai gane, ko kin so ko ba ki so ba. Saboda haka littafi mai dogon rubutu a kowane shafi asarar kuɗi ne a wannan shekarun. Layi ɗaya ko biyu a ƙarƙashin babban hoto ya wadatar. Ta biyu ta fi damuna: a cikin waɗanda suka shigo hannuna, da wuya na ga yaro baƙar fata a matsayin mai labarin. 'Ya'yanmu suna lura da wannan tun ba su iya faɗa ba, kuma littafin da aka saya don yaro ya ce "wannan ni ne" ya rage ƙarfi idan ba wanda ya yi kama da shi a ciki.

Akwai kuma waɗanda aka fassaro daga Turai da Amurka. Zanensu sau da yawa ya fi na kowa rai, kuma sun iya nuna gajiya da ƙunci a fuskar yaro. Amma jinyar da ke ciki ba irin tamu ba ce: dusar ƙanƙara a waje, kare a kan gado, yaro shi kaɗai a ɗakinsa, ba maƙwabciyar da ta leƙo ta ce ya jiki. Kaɗaicin nan shi na fi ƙi, domin yaron da ya saba kwana cikin 'yan'uwansa zai iya ɗauka cewa mara lafiya ware shi ake yi. Daga cikin fassararrun, waɗanda dabbobi ne 'yan wasan sun fi shiga gidajenmu, tunda zomo ko giwa ba na kowa ba ne kuma na kowa ne.

Na Hausa

A shagunan ƙasar nan ba za ki same shi a kanta ba. Sai dai a yi saƙo ta hannun masu zuwa Umra daga Kano ko Zariya ko Damagaram, abin da yakan iso kuwa galibi littafin koyon karatu ne na firamare, mai ƙananan zane marasa launi, wanda ba don jinya aka yi shi ba. Hanyar da ta fi ita ce intanet. African Storybook, wanda wata cibiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta buɗe a 2014, yana da labaran yara masu hotuna da Hausar Najeriya da ta Nijar, kyauta, an jera su mataki-mataki daga mai kalmomi kaɗan zuwa mai dogon rubutu. StoryWeaver na Pratham Books da ke Indiya, wanda ya fara a 2015, da kuma Bloom Library, su ma suna da na Hausa. Ana sauke su a waya, a kai shagon da ɗalibai ke buga takardu, a fitar da su da launi, a manne. StoryWeaver da African Storybook har sun yarda mutum ya ɗauki labarin da ke wani harshe ya juya shi da kansa. Ke nan in kin ga labarin jinya mai kyau da Larabci ko Faransanci a can, ba abin da zai hana ki mayar da shi Hausa.

Ribar a fili take. Fuskokin irin namu ne, kitson irin namu ne, kuma kalmomin su ne waɗanda yaro yake ji daga bakin wadda ta fi kowa iya lallashinsa. Duk wanda ya yi jinyar yaro ya san da jiki ya yi zafi, harshen goyo yake komawa. Ɗan da ke zuba Larabci a waje, da dare ya yi sai ka ji "Umma, cikina". Labarin da ya zo masa da wannan harshen ba ya buƙatar ya yi wani ƙoƙari kafin ya shige shi.

Amma kada a ɗauka an gama. Da yawa daga iyayen da aka haifa a nan da Larabci suka yi karatu, Hausa a baki take, boko kuwa sai da dabara. Uwar da ke tuntuɓe a kowane layi ba za ta ji daɗin karatun ba, yaron ma haka. Maganin wannan mai sauƙi ne, kuma tsohon abu ne a wurinmu: a sa wanda ya iya boko ya karanta sau ɗaya, a rubuta kowane layi da ajami a ƙasan hoton da biro. Sannan fassarorin ba duka suka nuna ba, tunda masu sa kai ne suka yi yawancinsu. Za ki ci karo da jimlar da ba Bahaushen da zai faɗe ta haka, ko a bar ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa. Ki karanta ke kaɗai tukuna, ki gyara, kafin ki kai wa yaro.

Sai kuma muhallin. Yawancin labaran ƙauye ne: bukka, rijiya, tafiya asibiti a ƙafa ko a kan babur, gidan sauro, maleriya. Yaron Jidda zai kalla da sha'awa, zai kuma san wani abu game da inda kakanninsa suka fito, amma ba zai ga ɗakinsa a ciki ba. Ciwon ma ba ɗaya ba ne. Maleriya ba ita ce ta yau da kullum a Jidda da Makka ba, sai ga wanda ya dawo daga tafiya gida, shi kam duk zazzaɓin da ya kama shi a gaya wa likita inda ya je. Abin da muke da shi a nan shi ne zazzaɓin dengi, wanda ya ɓulla a Jidda tun 1994, saurayen da ke kawo shi da rana suke cizo, kuma a tsaftataccen ruwan da ya kwanta suke haihuwa. Labarin gidan sauro na dare bai faɗi wannan ba. To kin ga na Larabci ya kawo ɗakin ya bar fuskar, na Hausa ya kawo fuskar ya bar ɗakin.

Masu fuska da marasa fuska

Wannan magana ce da ba a tsallake ta a gidajenmu. Akwai iyalan da ba sa shigar da zanen mai rai gida, saboda haka ake buga littattafan yara da mutane marasa ido da baki. Malamai sun yi saɓani kan zanen da aka yi don yara da koyarwa, masu sassauci sukan kafa hujja da 'yan tsanar da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, take wasa da su a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Kowane gida ya bi malamin da ya natsu da shi, ba ni ce zan yanke wannan ba. Abin da zan iya faɗa shi ne ta fuskar aiki: a littafin jinya, fuska ce ke ɗauke da rabin labarin, domin da ita yaron da bai iya karatu ba yake gane tsoro da gajiya da samun sauƙi. Idan marar fuska za a saya, a nemi wanda mai zanen ya iya sa jiki ya yi magana: kafaɗa a sake, kai a jingine da cinyar uwa, hannu riƙe da ciki, sannan a ƙarshe yaro a tsaye yana miƙa. Akwai masu kyau haka. Akwai kuma waɗanda mutanen ciki suke tsaye ƙiƙam daga farko har ƙarshe, su kam ba abin da za su gaya wa mara lafiya.

Kusa da wannan akwai littattafan addu'o'i da ladubban gaida mara lafiya, irin waɗanda kamfanoni kamar Darussalam na Riyad suke bugawa. Ina son su, amma a lura da wanda suke yi wa magana: mai zuwa dubiya, ba wanda ke kwance ba. Sun fi dacewa da yayye da ƙanne, a koya musu su shigo a hankali, kada su daɗe, su ce "La ba'asa, ɗahurun in sha Allah". Shi mai jinyar kuwa, addu'ar a bakinki ya fi buƙatarta, da hannunki a goshinsa, kuma ana iya liƙa ta a ƙarshen kowane labari. Ƙissar haƙurin Annabi Ayuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tana da girma, amma kada a mayar da ita sandar hana ɗan shekara 4 kuka. A ajiye masa ita sai ya ƙara wayo.

Wanda aka haɗa a gida

Ga mura da ƙarambau da ciwon ciki na kwana biyu, na kasuwa ya isa. Amma akwai yaran da jinya ba baƙuwa ba ce a wurinsu: mai sikila, mai asma, mai ciwon sukari tun yana ƙarami. Sikila ba ɓoyayyiya ba ce a cikinmu, kuma a ƙasar nan ma tana da yawa a yankin Gabas da wajen Jizan, shi ya sa tun 2004 aka wajabta gwajin jini kafin aure. Ga irin waɗannan yaran, littafin kasuwa yana da aibi guda babba, wato ƙarshensa. Kullum yaron ya warke sarai, ya ruga waje, ciwo ya tafi ba dawowa. Ɗanki mai sikila ya san nasa yana dawowa. In an yi ta karanta masa labarin da kowa ke warkewa sai shi, zai fara tambayar kansa abin da ya sa ya bambanta, kuma amsar da zai ba kansa ba mai daɗi ba ce.

A nan ne nake ganin ba abin da ya kai littafin da uwa ko uba suka haɗa. Shafi 8 zuwa 10 sun isa. A ɗauki hotuna da waya: gadonsa, gorar ruwansa, bargonsa, ma'aunin zafi, ƙoƙon maganinsa, jakar da ake ɗauka in za a je asibiti, motar Baba, ƙofar gida in an dawo. A buga, a rufe kowane shafi da leda mai kauri, a rubuta layi ɗaya a ƙasa da irin maganar da ake yi masa kullum, da ajami ko boko, duk wanda mai karantawa ya fi sakewa da shi. Abin da ke cikin shafukan shi ne ainihin abin da likitansa ya ce a riƙa yi. Ga mai sikila: shan ruwa da yawa, musamman a zafin Makka, rage sanyin mukayyif domin sanyi na tayar da ciwon, tsumma mai ɗumi a inda ke ciwo, ba ƙanƙara ba. Ga mai asma: hoton abin shaƙarsa da yadda ake ɗora shi a fuska, da ranar ƙura da ake rufe tagogi. A sa shafi guda mai fuskoki daga mai murmushi zuwa mai kuka, ko launuka daga kore zuwa ja ga gidan da ba a zana fuska, don ya nuna da yatsa inda ciwonsa ya kai lokacin da magana ta yi masa wuya. A sa kuma shafin tafiya asibiti a tsakiyar labarin, a matsayin abin da akan yi, ba a matsayin bala'in da ya auku ba. Shafin ƙarshe ya faɗi gaskiya: ciwon ya lafa, an dawo gida, in ya sake zuwa mun san abin da za mu yi.

Wahalarsa ita ce lokaci, kuma ba ranar da ciwo ya tashi ake haɗa shi ba. A yi shi yana lafiya, tare da shi, ya zaɓi hotunan da kansa. Kada a ɗauke shi hoto yana cikin ciwo, kayansa ko 'yar tsanarsa sun isa su tsaya a madadinsa. Kada a ɗauki ma'aikatan asibiti ko wasu marasa lafiya ba da izininsu ba, wannan na iya jawo magana da hukuma. Kuma littafin nasa ne, ba na zaurukan WhatsApp ba. Sirrin jikin yaro amana ce ko da bai kai ya nemi a rufa masa ba.

Waya fa?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 bai kamata a zaunar da shi gaban allo ba, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Na san ranar jinya akan sassauta, kuma ba zan ga laifin uwar da ta gaji ta miƙa waya don ta samu ta yi salla ta sa abu a bakinta ba. Bambancin dai shi ne bidiyo ba ya jira. Littafi kuwa yana tsayawa a shafin da yaro ya tsaya, a nan ne yake yin tambayar da ke cinsa: "Ita ma an yi mata allura? Ta yi zafi?" Akwai hanyar tsakiya da na ga tana aiki sosai: a tura wa kaka hotunan shafukan, ko tana unguwar Misfala ta Makka ko tana Katsina, ta ɗauki muryarta tana ba da labarin yadda ta ga dama, da "ga ta nan, ga ta nanku" ɗinta da komai. Sai a kunna muryar, a kife wayar, takardar tana hannun yaro.

Abin da za a duba kafin a biya kuɗi

Yara suna gaskata hoto, manya ma wani lokaci, don haka a duba abin da littafin yake koyarwa a kaikaice. In an nuna ana ba jariri zuma, a sani ba a ba ɗan ƙasa da shekara 1 zuma. In an ambaci asfirin, ba maganin zazzaɓin yara ba ne, inda ake zargin dengi kuwa har ibuprofen akan guje wa, parasitamol ake bayarwa gwargwadon nauyin yaro. In labarin ya nuna kowace mura sai an sha maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, wannan kuskure ne, mura ba ta jin sa, kuma tun 2018 aka tsaurara hana sayar da shi a saidaliyya ba da takardar likita ba. In an lulluɓe mai zazzaɓi da barguna uku, ki gaya wa yaron mu ba haka muke yi ba. Miyar kaza ta cikin hoton kuwa ba laifi ki kira ta farfesu, ko ki ce kunun gyada ne, ko talbina, kunun sha'ir, wadda hadisi ya zo da ita a matsayin abincin da ke sanyaya zuciyar mara lafiya. A cikin bangon littafin ki rubuta 937, lambar Ma'aikatar Lafiya da ake samun shawarar likita dare da rana, da 997 ta motar asibiti, domin littafin yana kusa da gadon a daidai lokacin da za a neme su. Jaririn da bai kai wata 3 ba in zafinsa ya kai 38, da mai sikila in ya yi zazzaɓi, da duk yaron da numfashi ke yi wa wuya ko ya kasa shan ruwa, ba a zauna karatu da su, asibiti ake nufa.

Jikin littafin ma abin dubawa ne. Ga ɗan ƙasa da shekara 3 a sayi mai shafukan kwali, wanda in magani ya zube ko amai ya taɓa za a goge. Daga shekara 4 mai takarda ya yi, yawancinsu shafi 24 ko 32 ne, kuma mai zazzaɓi ba lallai ya kai ƙarshe a zama ɗaya ba. Wanda aka yi jinyar gudawa ko ƙarambau da shi, a goge shi a ajiye, kada a ba da aronsa a wannan satin.

Da za a ce in zaɓa wa gida mai yara lafiyayyu da ke kamuwa da ciwon yau da gobe, zan ce a sayi labari ɗaya na Larabci mai manyan hotuna da rubutu kaɗan, a riƙa ba da shi da Hausa, sannan a buga ɗaya daga na Hausa na kyauta a haɗa, don yaron ya ga ɗakinsa a wancan ya ga fuskarsa a wannan. In kuɗin ɗaya kawai ake da shi, a buga na kyautar da launi, ya fi a sayi mai tsadar da darasi ne a cikinsa. Gidan da kaka ce ke jinya, kuma ba ta karanta boko ko fusha, a nema mata wanda hotunansa kaɗai ke ba da labari, akwai ma waɗanda ba rubutu ko kaɗan a cikinsu, ita za ta san abin da za ta faɗa. Gidan mai sikila ko asma kuwa a fara da na hannu, na kasuwa ya biyo baya.

Kowanne aka zaɓa, a kawo shi gida tun yaro yana lafiya, a karanta shi sau da yawa har ya haddace, domin mai zazzaɓi ba ya son sabon abu, wanda ya sani yake nema. Kuma da yake yawancin littattafan yara a naɗe suke cikin leda a shago, ki roƙi mai shagon ya buɗe miki ɗaya ko ya ba ki na gwaji, ki bi shi shafi-shafi har na ƙarshe kafin ki biya. A baje koli wannan ya fi sauƙi, tunda masu bugawar da kansu suke tsaye a rumfa, kuma za ki iya tambayarsu kai tsaye ko suna da labarin jinya wanda mai labarin yaro ne baƙar fata.